Abin da Inna Ba Ta Taɓa Yi Ba

Akwai lokacin da Inna ta daina shiga cikin mata a Shinkafi. Ba suna, ba biki, ba barka, ko dubiyar mara lafiya sai dai ta aika ƙanwata. Dalilin kuwa wani shafi ne a kundin digirina, kundin da ba ta iya karantawa, ba ta ma taɓa riƙe shi a hannu ba. Ni lokacin ina birni ina jiran a tura mu bautar ƙasa, ban ma san ana yi ba.

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dangin uwar Inna Fulanin Katuru ne, kunyar ɗan fari a wajensu ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta ɗauke ni ta tafi da ni Ƙaura. Can na tashi, can na yi furamare da sakandare. Shinkafi sai hutu. In na zo na durƙusa bakin ƙofar Inna na gaishe ta, za ta amsa ne tana kallon wani abu daban, tukunya ko akuya ko bango. Ba ta kiran sunana. In ya zama dole ta ambace ni, "ɗiyar Ƙaura" take cewa. In tana so in ci abinci ƙanwata take wa magana: "Ki ce ma ɗiyar Ƙaura tuwo na hucewa." Alhali ina zaune gefenta har ina jin ƙamshin man shanun da ke hannunta. Ƙanwata kuma sai ta juyo da gaskenta ta ce, "Yaya, wai ga tuwo."

Haka muke, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Matan unguwa har misali suke yi da Inna. In wata ta yi haihuwar fari ta fara rawar kai da jariri gaban surukai, sai a ce ta leƙa gidanmu ta ga yadda ake yi. Inna ba ta da gwal, ba ta je Makka ba, ba ta sana'ar da za a san ta da ita. Abin da take da shi cikin mata ke nan.

Ni lauya na so zama. Da sunaye suka fito sai na ga Turanci aka ba ni. Baba ya ce, "Turancin da kinka yi tun furamare bai ishe ki ba, sai an ƙara maki wani?" Gwaggo kuwa kafin in haɗa kaya ta gama gaya wa rabin Ƙaura cewa za a gan ni a talabijin ina karanta labarai.

Ba irin Turancin da suke zato ba ne. Adabi ne. Littattafai masu kauri, yawancinsu mutum ɗaya ke da na gaske, sauranmu mu kai shagon bakin get a buga mana kwafi, wani shafin ya fito baƙi ƙirin, wani babu layin ƙarshe. Waƙoƙi kan dusar ƙanƙara da furannin da ban taɓa gani ba, ina karantawa ina fifita da takardar saboda zafi. Wasan kwaikwayo inda sarki zai tsaya shi kaɗai ya yi ta magana da kansa har shafi ya cika. Da farko haddacewa nake yi in juye a jarrabawa. Daga baya na saba, har na fara so. Abu ɗaya dai na lura da shi tun ajin farko: iyaye mata a littattafan nan ba sa shiru. Uwa za ta zauna bakin gadon 'yarta su yi hira, su yi faɗa, su yi kuka, su shirya. Har na marubutan ƙasar nan haka suke. Ni ina karanta wannan kamar yadda nake karanta dusar ƙanƙara, abin wani wuri ne.

A ajin ƙarshe aka ba mu zaɓi: ko ka yi nazarin littafin wani, ko ka rubuta ƙagaggen labari naka mai ɗan tsawo. Na ɗauki na biyu don na zaci ya fi sauƙi. Mu kaɗan ne muka ɗauka, aka haɗa mu da malami ɗaya. Dogo ne, Bahaushe, ya yi karatu a waje, kullum da jan biro a aljihun gaba. Tsarinsa shi ne duk mako mu taru a ofishinsa, wasu kan kujera wasu kan bakin taga, mutum ɗaya ya karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa kaca-kaca. Mai labarin ba a yarda ya ce uffan ba sai an gama. Yana da wata doka da yake maimaitawa har muka riƙa kwaikwayonsa a hostal: a nuna, kar a faɗa.

Ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani. Sai na rubuta wata yarinya da za ta tafi makaranta nesa, da kwanakin ƙarshe da ta yi a gidan uwarta. Na ba ta wani suna daban, ban faɗi garin ba, na dai ce akwai babbar kasuwa da shanu. Sauran kam yadda na san shi na zuba: gaisuwar, kallon tukunyar, saƙon tuwo ta bakin ƙanwa. Ranar tafiya uwar ba ta fito ba. Labari ya ƙare yarinya na cikin mota.

Na gama karantawa. Wata 'yar ajinmu daga kudu, mai kirki ce ƙwarai, ta ce, "Me yarinyar ta yi mata?" Wani ya ce ai a fili yake, ba ita ta haife ta ba, sai a gaba za a gane. Wani ya ce a'a, uban ne dai ake shakkarsa. Akwai wata Bahaushiya 'yar Kaduna da na sa ran za ta cece ni. Ta ce, "Kunyar ɗan fari ce, amma wallahi an daina wannan tun zamanin kakanni. Ni Momi ƙawata ce." Ni doka ta hana ni magana, ina ta zana da'ira a gefen takarda.

Da suka fita Malam ya tsayar da ni. Da Hausa ya yi min magana, abin da ba ya yi a aji.

"Ke 'yar fari ce."

"Eh, Malam."

"Ni ma haka. Tsohuwata har ta rasu 'yaron nan' take ce min, ga ni da furfura." Ya juya biro a hannu. "Ni na gane. Amma ba ni kaɗai zan ba ki maki ba. Akwai mai dubawa da zai zo daga wata jami'a, ban san daga ina za a kawo shi ba. A kan takarda, uwar da ba ta kallon 'yarta ko muguwa ce ko tana ɓoye wani abu. Kin ji su ai da kunnenki."

Na koma na ƙara dogon bayani kan al'adar, da Turanci mai nauyi, har da kalmomin da na aro daga 'yan nazarin zamantakewa. Ya ja masa jan layi daga sama har ƙasa, a gefe ya rubuta cewa wannan lacca ce. Na ƙirƙiro wata tsohuwa na sa bayanin a bakinta. Ya ce yanzu tsohuwar ce ke laccar.

"Labari yana son inda abu zai fashe," in ji shi. "Kin tara ruwa tun shafin farko. Ina ya tafi?"

Lokaci ya ƙure, 'yan ajinmu har sun fara kai nasu wajen ɗinki. Wata rana bayan azahar na zauna ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan sashenmu, na buɗe waya na rubuta ƙarshen da ake so. Mota ta cika, direba ya tayar, sai ga uwar ta shigo tasha da sauri mayafi na zamewa. Ta kira sunan yarinyar da ƙarfi gaban 'yan kamasho da masu tallan rake. Ta rungume ta. Ta yi kuka. Ta kwance bakin mayafi ta damƙa mata dafaffen ƙwan zabi da sauran ɗuminsa. Ƙwan na sa shi ne don Malam yana son a ga abu a hannun mutum. Ni kaina ba na cin ƙwai, ko warinsa ba na so, amma ai ba ni ce a motar ba.

Kafin la'asar na gama. A duk kundin ba shafin da ya zo min da sauƙi kamarsa, don na karanta irinsa ba adadi. Da na karanta shi a ofis 'yar kudun nan har da share hawaye. Malam ya ce, "To." Bai sa jan biro ko sau ɗaya ba, bai kuma ɗago ya kalle ni ba. Na samu maki mai kyau.

Aka ɗinke kundi da baƙin bango da rubutun ruwan gwal, ga sunana, ga sunan jami'a da tambarinta. Shafin sadaukarwa kowa iyayensa yake sawa, ni ma na sa Inna. Na ba sashe nasu, na ba Malam nasa. Nawa na ba wani direban Ƙaura ya kai wa Gwaggo, don ta ce tana so ta ga abin da aka daɗe ana yi. Gwaggo ta zagaya da shi maƙwabta, sannan ta aika Shinkafi Baba ma ya gani. Baba ya jujjuya shi, ya ce ma sha Allah, ya sa aka ɗora kan kabad ɗin Inna kusa da jeren kwanoni.

Sauran labarin a waya na same shi, daga ƙanwata mai bi min, wadda ke makarantar koyon jinya kuma ta zo hutu lokacin. Saƙon murya ta yi ta turo min, wani bayan wani, duk masu tsawo.

Ran kasuwar Shinkafi matan danginmu daga garuruwa sukan sauka gidanmu su yi salla, su sha ruwa, su huta kafin motarsu ta tashi. A cikinsu akwai wadda muke kira Hajiyar Zurmi. Taubashiyar Inna ce, 'yar kawunta, tsakaninsu wasa ne tun suna yara, duk abin da ta ga dama za ta gaya wa Inna ba mai cewa ta yi laifi. Atamfa take sayarwa gida gida, daga Zurmi zuwa Shinkafi zuwa Ƙaura har Kasuwar Daji. Ita ta hango baƙin littafi kan kabad ta tambaya na mene ne. Ƙanwata da alfahari ta ce Yaya ce ta rubuta, har da sunan Inna a ciki. Aka ce to ta karanta a ji.

Ta fara, tana karanta layi tana juya musu shi da Hausa. Ba a yi nisa ba mata suka fara dariya. "Ita ta! Wallahi ita ta!" Gaisuwar, kallon tukunyar, saƙon tuwon, duk sun gane. Sunan da na canza bai ruɗi kowa ba, sun ɗauka ladabi ne na yi. Inna na gefe tana ta tankaɗenta, don har nan ba abin da aka faɗa sai yabonta.

"Yaya, wallahi ban karanta ƙarshen ba kafin nan," in ji ƙanwata a saƙon. "Ina kaiwa inda ta shigo tasha na tsaya. Hajiya ta ce in ci gaba, ai ba a barin mutum a tasha."

Ta ci gaba. Tana kaiwa wurin runguma Hajiya ta rangaɗa guɗa.

"Ashe haka aka yi a ɓoye! Mu nan ana yi muna kallon tukunya, ashe tasha aka zuwa ana kwarma suna gaban 'yan kamasho!"

Inna ta ce, "Ban yi ba."

"Ga shi a rubuce, da hatimin gwamnati."

Ƙanwata ta ce ƙagaggen labari ne, kamar na fim. Hajiya ta ce, "Fim da sunan uwarku a shahin gaba? Dut abin da kinka karanta baya gaskiya na, mun shaida. Sai wanga guda za ya zam ƙarya?"

Wannan kam ko a aji da an yi tambayar da na rasa amsa.

Nan Inna ta ajiye rariya. Ta ce, "Ku ji min hwa. Ƙwai? Wa za ya kai mata ƙwai? Ita da ko warinai ba ta so. In tana gidan ga ko soya shi ba a yi."

Ƙanwata ta ce nan take gidan ya kaure gaba ɗaya.

"Au! Ashe ana lura! Ashe an san abin da ɗiya ka ci da wanda ba ta ci!"

Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

A cikin adaidaita na saurari wannan saƙon, ana go-silo. Na tuna cewa lallai ban taɓa ganin ƙwai a kwano a gidanmu na Shinkafi ba, ga zabin Inna cike da bayan ɗaki. Da na ɗauka sayarwa take yi.

Hajiya ta ɗauki labarin tare da ƙullin atamfarta. A Zurmi aka ce Inna har bin motar ta yi da gudu. A Kasuwar Daji aka ce suma ta yi sai da aka yayyafa mata ruwa. Ba da mugunta ake yi ba, abin dariya ne aka samu, kuma an same shi a inda ba a taɓa samu ba. Mata suka fara gaishe ta da "ina kwana, mai ƙwai". Wanda ya fi yi mata ciwo, in ji ƙanwata, wata yarinya ce mai jegon fari a layinmu. Surukarta ta yi mata faɗa kan yawan ɗaukar jariri gaban mutane, ta ce ta je gidanmu ta koyo. Yarinyar ta ce ai ta ji su ma can rungumar nasu suke yi. Daga ranar Inna ta daina fita.

Ana cikin haka matar Kawu, ƙanin Inna da ke Zurmi, ta haihu, bayan an daɗe ana jira. Inna ce babbar ya. Ita ke tsayawa kan tukwane ranar suna, ita ke tarbar baƙin cikin gida, ita ake tambaya komai. Ta ce ba za ta ba. Ba za ta je garin Hajiya ta tsaya tsakiyar mata a yi ta mata guɗa ba. Kawu ya kira Baba, Baba ya kira Gwaggo, Gwaggo ta kira ni.

"Ke, 'yar Turanci. Ki taho ki wanke uwarki."

"Gwaggo, labari ne fa kawai. Aikin makaranta ne."

"Ni ban san wannan ba. Ke kinka rubuta, ke za ki goge. Kuma da baki, tunda da baki ya yaɗu."

Na kwana Ƙaura, washegari ran kasuwa muka nufi Shinkafi ni da ita. Hanyar ba a shigarta sai rana ta ɗaga, sai direbobi sun ji daga waɗanda suka fara wucewa cewa lafiya. Muna zaune a mota muna jira sai ga mai tallan dafaffen ƙwai ta taga. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ba ki sayen ma uwarki tsaraba?"

A hanya na gwada mata bayanin da na shirya. Zango guda muka yi a aji kan cewa marubuci daban, mai ba da labari a cikin littafi daban, kuma abin da ke cikin ƙagaggen labari ba shaida ba ne. Gwaggo ta saurara har na kai aya, tana kallon gonakin dawa ta taga.

"Kar ki kai masu wannan," ta ce. "Abin da ba ta yi ba za ki hwaɗi, guda bayan guda."

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa. Matan ran kasuwa sun hallara, har da maƙwabta da suka ji ƙishin-ƙishin. Hajiya ta zauna kan ƙullin atamfarta kamar alƙali. Inna na bakin madafa ta ba mu baya, tana tsintar wake a faifai. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa faifan. Na dawo na zauna.

"Ga malama ta iso," in ji Hajiya. "Zamna, ɗiyata. An dahwa maki ƙwan ko sai an jima?"

Aka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Ke dai bari yarinya ta yi magana."

Na ce, "Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa raka ni tasha ba, ko ƙofar gida ba ta taɓa raka ni ba. Ba ta taɓa rungume ni ba. Ban taɓa ganin hawayenta a kaina ba. Tun da na yi wayo ba mu taɓa haɗa ido ba."

Kusan su ne jimlolin da na karanta a ofishin Malam ranar da aka tambaye ni me yarinyar ta yi. Nan kuwa gyaɗa kai ake yi. Wata ta ce, "Allah sarki." Wata tsohuwa daga Katuru ta ce ai ita da ma ta san jininsu bai yin haka.

Hajiya ba ta saki da wuri ba. "Ko da kinka yi zazzaɓin nan, anka kwantar da ke asibiti Ƙaura?"

"Ta zo. Ta tsaya a baranda ta yi wa Gwaggo sannu da jinya, ta koma."

"Haka anka yi," in ji Gwaggo. "Ko leƙawa ba ta yi ba."

"Ranar tahiya makaranta hwa?"

"Ina Ƙaura tana Shinkafi. An kawo min yaji da kuka da daddawa a leda, an ce in ji mutanen gida."

"To wagga tasha ta cikin littahi, ina take?"

"Babu ita, Hajiya. Ni na ƙaga ta, ƙarƙashin dogon yaro, da wayar nan."

"Don mi?"

"Malam ya ce in ban sa ba, masu dubawa za su ɗauka muguwa ce."

Nan aka yi ca. "Muguwa? Don ta yi kunya?" Wata ta tambaya su malaman namu daga sama suka faɗo ne ko kuwa. Na yi niyyar in ce Malam ma ɗan fari ne, sai na ga zai ƙara tsawon zaman.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Tsaya in gane. Ke nan ƙarya anka ba ki digiri a kai."

"Eh, Hajiya. Da maki mai kyau ma."

"Kai! Da na san ana wanga karatu ai da na shiga. Da yanzu ni ka riƙon makarantar."

"Ke ai farfesa ta tun ba yau ba," in ji Gwaggo. "Har da suma kinka ƙara ma labarin, wadda ko 'yar Turanci ba ta rubuta ba."

"Wannan 'yan Kasuwar Daji na, ba ni ba."

Da dariya ta lafa Gwaggo ta nuna Hajiya da yatsa. "Inda dut kinka kai waccan, ki kai wagga."

"Wagga ba ta da daɗin hwaɗi," in ji Hajiya. "Amma ni kai ta." Ta ɗaga murya ta nufi madafa. "Kin ji, an wanke ki. Tasha na yahe, runguma na yahe. Ƙwan dai ban yahe ba, da bakinki kinka hwaɗe shi."

Inna ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tsintar wake har na fara zaton zaman bai yi amfani ba. Can ta kira ƙanwata.

"Ke, ɗauko atamhwar nan shuɗiya da ke ƙasan akwati a kai ma tela. Ban zuwa Zurmi da tsohon zane."

Gwaggo ta miƙe ta karkaɗe zani, ta ce a ba ta ruwa ta yi la'asar. Da za ta tafi ta sauko da kundin daga kan kabad ta sa a jakarta, yana Ƙaura har yau. Na sashe kuma ina jin yana nan kan kanta da shafinsa. Wata 'yar ajin baya da mu ta taɓa nemo lambata ta turo min saƙo, wai ta karanta, ƙarshen ya sa ta kira mamanta nan take. Na tura mata godiya.

Na tsaya har suna. Mota ɗaya muka shiga zuwa Zurmi, ni a gaba, Inna a can baya da ƙanwata. A gidan Kawu tun safe muryarta ake ji, a ƙara itace, a sauke waccan, waɗancan baƙin ba a kai musu ba. Hajiya ta yi mata guɗa sau ɗaya da ta shigo, Inna ta ce ta zo ta kama tuƙi in ƙarfi ke damunta. Ni ban iya komai a wurin ba, sai na koma jikin katanga inda sabis ke ɗan kamawa, ina duba ko an fitar da sunayen bautar ƙasa. Rana ta juyo wajen ban lura ba.

Inna ta zo wucewa da tire a hannu. Ba ta tsaya ba, ba ta kalli inda nake ba. Ta ce wa wata mata da ke wanke kwanoni, "Ku ce ma baƙin birni akwai inuwa can."

Matar ta juyo ta ce min, "Wai akwai inuwa can."

Na ɗauki kujerata na koma.